Rasuwar Maestro Teryo Bantilan Da Sandar Da Ta Faɗi A Harabar Coci

Cikin alhini da nauyin zuciya, Ƙungiyar Eskrima, wato faɗan sanda, ta Lawis da ke garin Argao, a madadin kwamitin dattawanta da malamanta da ɗaukacin ɗalibanta na gida da na ƙetare, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar wanda ya kafa ta, ubanta kuma babban malaminta, Maestro Eleuterio Sarmago Bantilan, wanda yaro da babba suka fi sani da Noy Teryo. Allah ya yi masa cikawa ranar Litinin da hantsi a gidansa da ke bakin teku, yana da shekara tamanin da uku a duniya, bayan jinyar ciwon huhu ta wata biyu. Ya bar uwargidansa, Nang Consorcia Bantilan, da 'ya'ya huɗu da jikoki goma sha ɗaya, ya kuma bar mu, waɗanda ba jininsa ba ne amma babu ɗayanmu da ba ya ɗauke da tabon sandarsa a jiki.

Marigayi Maestro ya gaji faɗan sanda ne daga kakansa na wajen uwa, manomin kwakwa wanda da addar da yake saran kwakwa da ita ya koya masa kariyar kai, kuma shekara hamsin da ɗaya cur ya yi yana koyar da abin da ya gada a ƙarƙashin bishiyar mangwaron bayan gidansa, ba tare da ya taɓa rataya allon talla a ƙofa ba. Duk wanda ya zo wurinsa, ko ɗan masunci ne ko lauya, a kan ɓawon kwakwa uku da aka kifa a ƙasa yake farawa, yana taka su yana juyawa har sai ƙafarsa ta daina zamewa, sannan a ba shi sara goma sha biyun farko ɗaya bayan ɗaya. Ba a sayen sanda a kasuwa a shigo masa da ita. Shi da kansa yake zaɓen sanda, ya gasa ta a kan garwashi har ta yi tauri, ya ƙona mata alamar mai ita, sannan ya miƙa. Ya kan ce wa sabon ɗalibi mai ɗokin duka: "Sannu dai, yaro. Kakanninmu ba don a tafa musu suka riƙe wannan abu ba. Gona suke tsarewa da mata da yara. In nishaɗi kake nema, ga filin ƙwallon kwando can."

Bayan koyarwa, Allah ya hore wa marigayin ɗori da tausa, kuma mutanen wannan yanki ba za su manta da yadda ya yi mako guda yana bin unguwanni a ƙafa, da kwalbar man kwakwa a aljihu, yana ɗaure karaya da targaɗe bayan guguwar da ta yaye mana rufin gidaje ba. Mu ɗalibansa mun fi kowa sanin wannan hannu, domin shi ne zai ƙwala maka sanda a gaɓar yatsa, shi ne kuma zai zaunar da kai ya shafa mai yana yi maka tsiya. Ni mai sa hannu a wannan takarda na sha jin: "Kai Natoy, hannu ne wannan ko guntun rogo? Cewa na yi ka kauce, ba ka tsaya kana gaisawa da sanda ba." Shi ne kuma ya buɗe wa matan kasuwar kifi ƙofar koyo tun lokacin da wasu malamai ke ganin haka abin dariya ne, kuma a yau uku daga cikin malamanmu mata ne. Duk ranar Lahadi bayan horo, Nang Consorcia takan fito mana da shayin koko mai zafi da kek ɗin torta, mu zauna muna ƙirga kumburi muna dariya. Wallahi za mu yi kewar waɗannan ranaku.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga Nang Consorcia, da babbar 'yarsa Uwargida Remedios Bantilan Oyangoren, da ƙannenta Injiniya Crispulo da Malama Leonila da Teodulo, da jikoki da surukai da dukkan dangi, tana roƙon Allah ya ba su haƙuri da juriyar wannan babban rashi, ya kuma tsaya musu a inda marigayin ya saba tsaya musu.

A nan ya kamata a ce sanarwar ta ƙare. Sai dai kwamitin dattawa, da amincewar iyalan marigayi, ya umarce ni in bayyana wa jama'a wani al'amari da ya shafi mutum ɗaya, kuma ba mu da hanyar isa gare shi sai wannan takarda.

Shekara goma sha bakwai da suka wuce, a bikin San Miguel, ƙungiyarmu ta yi wasan nuni a harabar coci kamar yadda ta saba, kuma abokin karawar Maestro a ranar shi ne babban ɗalibinsa, Anastacio Tampus, wato Tasyo, wanda ya yi shekara goma sha tara a hannunsa. Ƙa'idarmu sananniya ce: a gaban jama'a ɗalibi ne ke kai hari, malami ya tare, kuma motsin ƙarshe na malami ne. In kuwa sandar malami ta faɗi bisa kowane dalili, ɗalibi zai sunkuya ya ɗauko ta da hannu biyu, ya mayar masa, ya ɗora hannun malamin a goshinsa kamar yadda kowane ɗa ke yi wa babba, magana ta wuce. A ranar, wasa ya yi zafi, hannun Tasyo ya riga tunaninsa, sai ga sandar Noy Teryo tana gungurawa a kan dutsen harabar. Wasu 'yan kallo da suka sha bammi suka fashe da dariya. Tasyo ya tsaya ƙiƙam, bai sunkuya ba, sannan ya ajiye tasa sandar ya ratsa taro ya tafi. Nang Consorcia ce ta fito daga cikin mata ta naɗe sandar mijinta a gyalenta ta kai gida.

Kwana uku bayan haka kwamiti ya zauna ya kori Tasyo bisa laifin wulaƙanta malami. Ni ne magatakarda a lokacin, ni na rubuta takardar korar, ni kuma na kankare sunansa da wuƙa daga allon sunayen da ke jikin bishiyar mangwaro. Ba wanda ya sa ni kankarewar. Har da rawar jiki na yi ta, kuma tun da yau ranar faɗin gaskiya ce, bari in faɗa: na riga Tasyo zuwa da shekara biyar, amma ban taɓa samun ko shafar rigar Maestro da sanda ba, abin kuwa yana ci na a rai. Maestro bai halarci zaman ba, bai ce mun yi daidai ba, bai ce mun yi kuskure ba. Sandar ta zauna a saman kabad ɗin ɗakinsa, bai ƙara taɓa ta ba, bai kuma ƙara ambaton sunan Tasyo a gabanmu ba. Mu kuwa muka ɗauki shirunsa a matsayin fushi, muka yi ta taya shi fushin har shekara goma sha bakwai.

Ranar Juma'ar da ta gabata da la'asar, ya sa aka kira ni gefen gadonsa, ga Nang Consorcia ga Uwargida Remedios. Da yake a al'adarmu jinin mamaci ba sa ɗaukar akwatinsa, ya ce in rubuta sunayen ɗalibai shida da za su ɗauke shi. Ya lissafa biyar, har da ni, sannan ya ce na shida Tasyo, kuma a hannun gaba na dama. Na zaci zazzaɓi ne ke magana, na ce, "Noy, Tasyo fa ka ce."

"Kurma ka zama ne, Natoy?" in ji shi. "Tasyo na ce. Shekara talatin da huɗu ina koyarwa ina jiran wanda zai ɓarar mini da sanda, sai ranar nan Allah ya nuna mini. Jira nake ya sunkuya ya miƙo mini, in ɗaga hannunsa a gaban gari in ce ga magajina. Sai sakaran ya gudu."

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa mana. Ya daɗe yana neman numfashi kafin ya ce: "Ba zan yi ƙarya ina bakin kabari ba. Dariyar nan ta ɓata mini rai, na yi kwana uku ina kumbure-kumbure. Kafin in huce kun riga kun rubuta takardarku. Daga nan kuma kunya ta riƙe mini baki, don shirun da na yi ne ya ba ku ƙarfin gwiwa."

Nang Consorcia ta ce, "Tsoho mai taurin kai, sau nawa na ce ka aika a kira yaron nan?"

"Kin faɗa, Sorsing," in ji shi. "Kin faɗa."

Saboda haka, kwamitin dattawa a zamansa na ranar Laraba, ƙarƙashin jagorancin Lauya Hermogenes Quirante, ya soke korar da aka yi wa Anastacio Tampus baki ɗaya, ya bayyana cewa kuskuren na ƙungiya ne ba nasa ba, ya kuma mayar da sunansa kan allo, daf da ƙarƙashin sunan Maestro. Ni na rubuta shi da hannuna. Haka kuma kwamiti ya amince, 'ya'yan marigayi kuma sun sa albarka, cewa matsayin babban malami na Tasyo ne in ya karɓa, kuma babu wani daga cikinmu da zai tsaya a gurbin Maestro ƙarƙashin mangwaron nan kafin mu ji ta bakinsa. Labarin ƙarshe da muka samu shi ne yana gyaran kwale-kwale a wajejen Loon, a tsibirin Bohol da ke tsallaken teku, sai dai ba mu da lambar wayarsa. Muna roƙon matuƙan jiragen ruwa da dillalan kifi da gidajen rediyon da za su karanta wannan sanarwa, da duk wanda ya san inda yake, don Allah a isar masa kafin Asabar.

Ana ci gaba da zaman makoki da addu'o'i kowace yamma a gidan marigayi da ke Lawis. Za a yi addu'ar jana'iza ranar Asabar da ƙarfe tara na safe a cocin San Miguel, daga nan a wuce makabarta. Ana roƙon ɗalibai su zo da farar riga da sandunansu, su jeru sahu biyu daga ƙofar coci. Allah ya jiƙan Maestro Eleuterio Sarmago Bantilan, ya yafe masa kurakuransa, ya ba shi hutu na har abada, mu kuma ya yafe mana namu.

Tasyo, ni ne Natoy. Na zalunce ka, ina neman gafararka a gaban kowa. In an fito da akwatin, za a tsaya da shi a harabar, Nang Consorcia za ta warware gyalenta ta ajiye sandar a daidai inda ta faɗi. Babu ɗayanmu da zai sunkuya mata. Ta ce in ka ɗauko ta ka ɗora a kan akwatin, ita za ta ba ka hannunta ka sa a goshinka a madadin mijinta. In ba ka zo ba, mu biyar za mu ɗauke shi haka nan a karkace, domin hannun gaba na dama ba za mu ba kowa ba.

Sa hannu:
Fortunato Abellar Labiste
Kakaki kuma tsohon Magatakarda,
Ƙungiyar Eskrima ta Lawis, Argao, Cebu