Waƙoƙin Bibi Gulnar a Ƙirjin Zakiya

Nuzla, Jidda
Zulhajji, 1386

Zuwa ga Zakiya, sanyin idona, iskar bakin tekun Abhur da la'asar, randar da nake sha in manta da zafin Jidda!

Barakatu ƙanwarki ta kawo mini saƙonki: wai ba za ki bi jirgin ruwan Bambai zuwa Indiya ba, don kada a ɗaga ranar aurenmu. Haba Zakiya! Da ni za ki fake?

Kin tuna ranar da na kai kaya gidan Bibi Gulnar? Daga bakin ƙofa na hango ki kina shafa mata man kwakwa, kina yi mata kitso. Makauniyar tsohuwa tana rera waƙa da Hindi, kina amsawa. Na tsaya da buhu a ka har wuyana ya ƙage. Ban gane kalma ɗaya ba, amma tun ranar zuciyata ba ta koma gida ba.

Ina mace kamar Bibi? Ita ce mace ta farko da ta sa sunanta a kan waƙa a garinsu, can Indiya. Aka zage ta, aka jefi ƙofarta, sai ta buɗe wa 'yan mata makaranta a bayan wannan ƙofar! Ta zo hajji, ta zauna wurin ɗanta ɗan kasuwa, wanda bai taɓa tsayawa ya saurare ta ba. Ido ya tafi, alƙalami ya faɗi, waƙa ta ƙi tsayawa. Duk abin da ta tsara cikin duhu, a kunnenki ta zuba shi. Yau tana kwance a ƙasar Jidda, Allah ya jiƙanta, kuma waƙoƙin nan ba su da gida sai ƙirjinki. Ɗalibanta sun roƙa ki je ki rera musu su rubuta, yayanki Salihu ya yarda ya raka ki. Me ya rage?

Abokan aikina 'yan dako a tashar jirgin ruwa sun sa ni gaba da tsiya, wai amarya za ta tsallake teku ta bar ango da lefe. Su yi ta yi! Wanne cikinsu aka taɓa aiko wa amaryarsa gayyata daga Indiya? Bahaushiya, 'yar Nuzla! Wallahi kaina ya yi girman da hula ba ta zama.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba: kada Indiya ta riƙe ki kamar yadda Jidda ta riƙe Bibi. Amma in kin zauna saboda ni, waƙoƙin suka bi ki kabari, da wane ido zan dube ki?

Yalla, ki tafi, tauraruwata. Akwatinki ni zan hau da shi jirgi, ba wani ba. In kin ga na juya da sauri, kada ki kira ni. Ba fushi ba ne. Duk jirgin da ya dawo daga Bambai, ni zai fara gani.

Naki har numfashin ƙarshe,
Na'ibi