Takardar Farfesa ta faɗo hannuna

Laraba, bayan isha'i, Makera

Yau mujallar nazarin zamantakewa ta aiko min takarda in tantance. An cire sunan marubucin kamar kullum, amma wa zai kafa hujja da littafin Farfesa Dauda a kowane shafi in ba shi ba? Lokacin yana edita, bincikena kan korarrun ma'aikatan masaƙa ya shekara biyu a durowarsa, sannan ya dawo da jan biro: "Wannan hirar teburin mai shayi ce."

Maigida ya ce, "Maman Sadiya, ki ji tsoron Allah."

Ina ji. Ba zan yi masa ƙarya ko ɗaya ba. Amma na sayo jan biro biyu, kuma ba sauri nake ba.