An Kafa Turaku a Tafkinmu

Yaya Habu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka, yaya iyali, yaya zaman Ikko? Mu nan Kirikasamma sai godiya.

Tafkinmu dai ya tafi. Wasu Turawa sun tara sadaka a ƙasarsu don a kare agwagin ruwa, aka kewaye tafkin da turaku. Da ruwa ya janye, Baba ya saɓi gora da koma zai shiga kamun kifi, malamin daji ya tare shi, ya ce, "Baba, yi haƙuri, yanzu sai dai kallo."

Tun ranar Baba bai ƙara tambayar ruwa ba. Zaren koma da ka ce za ka aiko, bar shi kawai.

Ka sa mu a addu'a. Gaishe da yara.

Ƙaninka,
Sale