Ka Sa Babana Cikin Wasanka

Zuwa ga hasken idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ruwan sanyin da ban taɓa zaton zai shaƙe ni ba,

Ina gaishe ka gaisuwar masoya.

Na buga sabon babin wasanku na intanet har inda zuciyata ta iya kaiwa. Editanmu ya ɗora mini sharhin labarinsa, bai san marubucin ne ke riƙe da ragamar zuciyata ba. To, kafin duniya ta karanta, kai za ka fara ji.

Farkonsa ya yi ja, abin ƙaunata. Aike ya yi yawa: je ka tsinko ganye, dawo ka kashe kuraye, koma ka kai wa maƙeri saƙo, sai ka ce jarumin ɗan aike ne. Sarkin aljanun nan da kuka cika mu da tallarsa kuwa ganga ce, ƙara a waje, ciki fayau. Ina bugawa ina murmushi, ina tanadin tsiyar da zan yi maka har ka cire gilashi ka murza ido yadda ka saba. Sai na iso gidan mai tsaron fitila a bakin teku.

Wayyo, masoyi! Tsoho a kujera, bargo a gwiwa, ido a ƙofa. 'Yarsa ta shigo da magani, ya ɗago ya ce, "Amarya, kin dawo?" Ta sassauta murya ta ce, "Na dawo." Na tsayar da wasan. Babana ne wannan. Kujerarsa ce, bargonsa ne, har tambayarsa ta ko yara sun ci abinci ba ka bari ba.

Ka tuna bencin asibiti, ranar da likita ya ce mantuwar Baba ba ta da magani? Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, kana rungume da jakata, ina kuka. A nan na faɗa maka abin da na ɓoye wa 'yan ɗakinmu: tun rasuwar Mama, in Baba ya kira ni da sunan da yake kiranta, amsawa nake yi, don kada ta sake mutuwa a gare shi kullum safiya. Ka dafa ƙirji ka ce, "Wannan daga ni sai ke." Ashe kai, ya farin watana, alƙalami kake wasawa ina zubar da hawaye? Ashe rijiyar da na zuba sirrina ciki tana da ƙofa ta baya?

Da a nan ka tsaya, da sauƙi. Sai ka ba 'yan wasa zaɓi biyu: su faɗa wa tsohon matarsa ta rasu su karɓi takobin fitila, ko su yi shiru su fita hannu rabbana. Na leƙa zauren hirar 'yan wasan, ga su nan rututu suna ba juna shawara: "Ku danna na farko, takobin ya fi." Wasu ma tsallake maganar suke yi, wai tsohon ya cika surutu. Mutane dubbai, kowa ya shigo ya karya zuciyar babana ya wuce neman dodo!

Autanmu ma yana buga wasan, ka manta? Ya gane Baba, ya ɗauki hoton allon ya tura wa Yaya. Jiya Yaya ya zo, ko zama bai yi ba, ya ce, "Ashe yaudarar Baba kike yi, har kin baza shi a duniya?" Ya ce zai ɗauke shi ya koma da shi gidansa. Baba yana ciki yana kira, na rasa da muryar wa zan amsa.

Ga abin da ya fi ci mini rai: wurin tsohon nan shi ne mafi kyau a duk abin da ka taɓa rubutawa. Haka zan faɗa a sharhina, don ba na ƙarya a aikina. Zan yabi zumar, ni kaɗai na san daga wace amya aka yanko ta. Jarumina na wasan kuwa yana nan tsaye a ɗakin tsohon. Na kasa danna ko ɗaya daga zaɓin biyun.

Ba waƙa nake so ba, ya sanyin idona, ba kuma dogon saƙon ban haƙuri ba, na san ka iya su. Ka zo gidanmu da ƙafarka. Ka dubi idon Yaya ka ce kai ka ɗauka, ba ni na bayar ba. Ka roƙi abokan aikinka su cire kalmomin Baba daga bakin tsohon nan. Sannan ka shiga ka gaishe shi, ka zauna kusa da shi ba tare da ka haddace komai ba.

Na so in tsane ka, Allah ya sani na gwada, zuciyar ta ƙi. Amanarka tana wurina yadda ka ba ni ita, ko ƙwarzane babu, kuma haka za ta zauna har ƙasa ta rufe idona. Tawa fa, masoyi?

Taka, ko da kana sona ko kana rubuta ni,
Mai sharhinka