Jirgin Baba Ya Sake Isa Tasha

Zuwa ga yayana Ayuba,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ƙanwarka ce Rifkatu, daga gidanmu na Kafanchan. Kowa yana lafiya, damina kuma ta yi kyau, har an aiko mana da sabuwar doya daga Kagoma. Na san inda kake ba a kai wasiƙa, amma ka bar ni in yi maganata.

Ka tuna shagonka na gem, wato wasannin bidiyo, a bayan kasuwa? Dogayen akwatunan nan da ka sayo na hannu daga Legas, kowanne da gilashin talabijin a ciki, da 'yar sanda, da jajayen maɓallai. Samari a kan na dambe da na ƙwallo suke cunkushewa. Amma a lungu kana da waɗansu da ba mai kula su, rubutun jikinsu ma ba wanda ya iya karantawa, sai ka raɗa musu sunayenka. Akwai Mai Nutso, wanda yake kwaso duwatsu masu ƙyalli a ƙarƙashin ruwa kafin numfashinsa ya ƙare. Akwai 'Yan Kwana-kwana, masu tare mutanen da suke faɗowa daga bene. Sai kuma na jirgin ƙasa.

Ƙaramin jirgi ne da ba ya tsayawa. Mai wasa yana juya guntayen layin dogo a gabansa har ya kai shi tasha ya kwashi fasinja. In aka yi jinkiri, jirgi ya faɗi.

A lokacin Baba ya bar aikin reluwe. Jirage sun daina zuwa, shi ma ya daina magana. Yakan yini a gindin mangwaro, ko sujada sai Mama ta matsa masa. Ana nan wani ya kai masa tsegumi cewa kai, ɗan dattijon ikkilisiya, ka buɗe gidan caca. Ya ɗauki sandarsa ya ce in biyo shi, yau da hannunsa zai rufe shagon. Na bi shi, ina sane da cewa duk wahalarka a cikin ɗakin nan take.

Ba ka yi masa gardama ba. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Baba, kafin ka rufe, taimake ni da wannan jirgi. Kullum faɗuwa yake yi a hannuna." Ni kuwa na san ka iya shi sarai.

Ya tsaya yana hararar gilashin. Da jirgin ya nufi inda layi ya yanke, sai muka ji tsawa: "Kai, juya masa hagu!" Ya ture hannunka ya kama 'yar sandar akwatin da kansa. Da yamma muka koma gida, shago yana nan a buɗe, Baba yana ta yi wa Mama bayanin yadda ake canza layi a tasha, har tuwonsa ya huce. Daga ranar, kowace Asabar sai ya sa hularsa ya tafi wurinka, yara suna matsa masa suna cewa ga mai jirgi ya iso.

Bayan rasuwarka ruwa ya shiga shagon, akwatunan suka ruɓe, aka ba 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa. Mama ma ta bi ka. Baba ya tsufa ƙwarai, Yaya, mantuwa ta kama shi. Wata rana ya kira ni da sunan Mama, wata rana ya tambaye ni ko ni baƙuwa ce.

Ɗiyata Saratu, wadda ba ka gani ba, tana jami'a a nan garin. Na ba ta labarin nan muna wanke-wanke, ashe ta riƙe shi. Ta yi ta lalube a intanet har ta gano cewa masu son tsofaffin gem sun adana wasan jirgin nan. Ranar Lahadi bayan sujada ta ɗora kwamfuta a cinyar Baba. Da kiɗan ya tashi, sai ya gyara zama. Jirgi ya faɗi, ya sake faɗuwa, Saratu tana nuna masa maɓallin. Can sai ga shi a tasha.

Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Rifkatu, kira Ayuba ya zo ya gani." Rabon da ya ambaci sunana tun kafin shuka. Na ce masa zan gaya maka, na fita bayan ɗaki na sha kuka.

Na gode, Yaya. Na gode da ka ɗauko akwatin da kowa ya raina, na gode da dabarar da ka yi wa tsohon nan a ranar. Saratu ta ce ta kusa samo Mai Nutso, kuma ƙawayenta har sun fara layi a kan kwamfutar.

Ubangiji ya ba ka hutu a gabansa, kai da Mama. Ya ƙara wa Baba kwanaki masu sauƙi, ya sada mu duka a ranar da babu sauran rabuwa. Amin.

Ƙanwarka mai kewarka,
Rifkatu