Kyandir uku sun cinye turaren Baba, saura kaɗan a kwalba

Anti, don girman Allah ki taimake ni kafin in ƙarasa ɓarnar da na fara. Ba na cikin masu kawo kukansu jarida, asali ma dariya nake musu, amma yau ga ni a layi.

Ni mai yin kek ce, shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a, kuma ba yabon kai ba, hannuna ba ya ƙarya. Ba na auna sukari a sikeli, da ido nake dubawa, kuma ba a taɓa dawo min da kek ba. Na faɗi haka ne don ki san ba sakarya ce ke miki magana ba.

Babanmu mai sayar da turare ne, irin na mai da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe. Akwai wani haɗi guda da bai taɓa sayar wa kowa ba, na jikinsa ne kawai. Bai rubuta yadda yake haɗa shi ba, da hanci yake yi. Rigunansa, matashinsa, kujerar da yake zama, duk ƙamshin suke. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa, ya bar kwalba ɗaya tal a cikin durowa. Wata bakwai bayansa ɓarin jikin Mama ya shanye. Yanzu tana wurina, a ɗakin da ke jikin kicin, magana ma sai da ƙyar. Wata rana ina canza mata zanin gado, ta ce min ɗakin nan ba ya ƙamshin kowa. Anti, banɗaki na shige na sha kukana.

Na fara ɗiga mata turaren a matashi, amma kwana biyu ya gudu, ga shi kullum cikin wankin shimfiɗa muke. Ana nan sai na kai kek wani gida, na tarar da kyandir mai ƙamshi a cikin kofin gilashi, falo gaba ɗaya ya ɗauka. Na ce a raina, wannan ai narkar da bota ne a juye a gwangwani, me zai gagare ni?

To, ya gagare ni. Na farko, fararen kyandir na kanti na saya, na kakkarya su a tukunya, na ɗora kai tsaye a wuta har suna hayaƙi, na tsiyaya turare da ido kamar yadda na saba. Lagwani kuwa na tsohuwar fitilar kananzir na yanko, don na ga yana da ƙwari. Ina kunnawa wuta ta tashi kamar risho, kofi ya yi baƙi ƙirin, Mama ta kama tari har da hawaye. Na fita da shi a guje.

Na biyu, na ce abin kanti ne ba shi da kirki, bari in koma ga na Allah. Na sayo kakin zuma wurin mai zuma, na zuba a faffaɗan tambulan, na sa siririn zaren da na ciro daga wani kyandir, na kuma ƙara yawan turaren. Minti ashirin ya haƙa rami a tsakiya, ya nutse a ciki ya mutu. Abin da ya fi ƙona min rai, ba ka jin komai sai zuma.

Na uku, na yi odar kakin waken suya, fari mai laushi, wanda aka ce shi ne na zamani. Yana daskarewa na kunna shi a ranar. Sama ya yi ta tsattsafo da mai kamar gumi, wuta na ta tartsatsi, ƙamshi kuma shiru. In ka kai hanci kusa a kashe, Baba ne sak. In ka kunna, babu shi.

Jiya na auna abin da ya rage da sirinjin maganin Mama. Mililita ashirin ne, alhali kwalbar ta kusa sittin lokacin da na ɗauko ta.

Yayana ya zo duba Mama, ya ga kwalbar, ya hau ni da faɗa a ƙofar ɗaki. Wai na ƙona abin da ya rage mana na ubanmu saboda taurin kai, wai ƙarshen watan nan zai zo ya ɗauke kwalbar ya kulle a wardirof ɗinsa, don jikoki su taso su san ƙamshin kakansu. Ni ma ban raga masa ba, na ce wardirof ba ta da hanci. Yau kwana tara ba ma magana. Mijina dai bai saka baki ba, sai dai in na shiga kicin ya ce sannu da aiki injiniya.

Ni na san ina kan gaskiya, kuma na san na huɗu zai yi, in dai aka faɗa min wane kaki zan saya, wane lagwani zan sa. Kada ki ce in haƙura, don ba zan haƙura ba. Ina so ɗakin nan ya yi ƙamshin mijinta tun tana iya shaƙa.

Taki, Mai Kek

Ƙanwata Mai Kek, ba zan ce ki haƙura ba, don niyyarki mai kyau ce kuma abin mai yiwuwa ne. Amma yau ɗin nan ki rufe kwalbar nan, ki ɗaga ta sama inda rana ba ta kaiwa. Kuskurenki mafi girma ba na kaki ba ne, ba kuma na lagwani ba. Kin yi koyo da abin da ba a sake samu. Ke da kanki, za ki bai wa sabuwar 'yar koyo kek ɗin biki ta fara gwaji a kai?

Na yi shekaru ina narka kaki a kicin ɗina, na kuma ɓata kofuna da yawa, don haka ki saurara. Kakin farin kyandir na kanti mai tauri ne, an yi shi don ya tsaya da ƙafarsa, ba don zaman kofi ba. Kakin zuma abu ne mai kyau, amma yana da nasa ƙamshin da zai danne na Baba, kuma sai da lagwani mai kauri yake narkewa. Na waken suya da ke hannunki shi ne daidai da kofi. In kin samu wanda aka gauraya da na kwakwa, shi ma ya yi. Sai dai ba a ɗora shi kai tsaye a wuta. Ki sa gwangwanin kakin cikin tukunyar ruwan zafi, ki sayi ma'aunin zafi, ki zuba turare in ya kai wajen digiri tamanin, ki juya a hankali na minti biyu. Kuma ki sauke girman kan nan ki ɗauko sikeli. Giram shida na turare a kowane giram ɗari na kaki, iyakar ke nan gare ki. Gumin da kika gani a na uku, turaren da kaki ya kasa riƙewa ne. Bayan ya daskare ki rufe shi sati biyu kafin ki kunna, don wannan kakin yana son hutu kafin ya saki ƙamshi.

Lagwani kuma ba da ƙwari ake zaɓensa ba, da faɗin bakin kofi ne. Ki zaɓi ƙaramin kofi mai kaurin gilashi, ki auna bakinsa da rula, ki gaya wa mai sayar da kayan kyandir faɗin da kuma irin kakinki. Ki sayi lagwanin auduga girma uku: wanda ya ce, da na ƙasa da shi, da na sama. Ki yi kyandir uku a kofuna iri ɗaya da turaren mai mafi araha, ki datse kowane lagwani ya rage rabin santimita, ki kunna su tare ki zauna kina kallo. Wanda bayan awa uku narkakken kakinsa ya kusa taɓa gefe, wutarsa ba ta wuce gaɓar yatsa ba, ba hayaƙi, kofi kuma yana taɓuwa, shi ne naki. Wanda ya haƙa rami ya yi ƙanƙanta. Wanda ya yi baƙi ya yi girma.

Yanzu ga abin da ba ki tambaya ba. Turaren jiki ba don wuta aka haɗa shi ba. Wani yana toshe lagwani, wani yana ƙonewa ya canza ƙamshi, kuma ba wanda ya san abin da Baba ya zuba a nasa. Ga Mama kwance, ta riga ta yi tari sau ɗaya, ba za ta iya tashi ba in wani abu ya kama. Don haka in nawa ne, na ɗakinta ba zan sa masa lagwani ba sam. Ki haɗa kaki da turare kamar yadda na faɗa, ki zuba a abin yin ƙanƙara, ya daskare ƙanana-ƙanana. Duk lokacin da ake so, ki sa guda a ɗan kwano, ki ɗora kwanon a kan ruwan zafi ko a abin ɗumama kaki na lantarki. Ba wuta, ba hayaƙi, kuma guda ɗaya zai yi miki kwanaki. Ki fara da mililita biyu a giram talatin ki gani, ki kuma shaida wa likitanta. Kyandir mai lagwani ki bar shi na falo, da turaren kasuwa.

Yayanki bai yi ƙarya ba, kin yi ɓarna, kuma shi ma maraya ne kamar ke. Ki kira shi ki faɗi hakan da bakinki, ba zai rage ki da komai ba. Amma shi ma ya sani, turare ba ya zama yadda yake har abada, ko a kulle. Ki ɗura masa mililita biyar a ƙaramar kwalba ya tafi da ita. Ki ba shi wasu mililita biyu ya kai wa tsofaffin abokan sana'ar Baba, masu hanci irin nasa, ko za su iya haɗa makamancinsa. Wannan aiki ne da zai so yi.

Sai dai kafin duk wannan, akwai abin da na nema a wasiƙarki ban gani ba. Ke kina cewa a ƙona, shi yana cewa a kulle, kuna ta yi a ƙofar ɗakin matar da ta fi ku duka sanin ƙamshin nan, kuma ba wanda ya tambaye ta. Magana tana mata wuya, amma tana ji, kuma ta ji faɗan nan naku kaf. Ku shiga tare, ku zauna a bakin gadonta, ku sa mata kwalbar a hannun da ke motsi, ku jira komai daɗewar amsar. Abin da ta ce shi za a yi, ko da cewa ta yi a shafe mata shi duka a rana ɗaya.

Allah ya ba Mama sauƙi, ya jiƙan Baba, ya kuma daidaita ki da ɗan'uwanki tun tana ganinku.

Antinku