Ruwan jiƙa karo

Laraba, watan Afirilu, bayan isha'i

Ban yarda da Malam Habu magini ba. Ya ce sai karon tsakar gida, wato tayil, ya kwana cikin ruwa kafin a shimfiɗa shi, in ba haka ba, zai tsotse ruwan siminti ya ɗago. Na cika masa tano, wato duron ruwa, a wannan fari da famfo ya ƙafe. Da safe ruwan ya koma rabi.

"Hajiya, karo ne ya sha," in ji shi, yana kallon ƙasa.

To karon ne ya bar ɗigon da na bi har zaure? Na san iyalinsa sun taso daga Tirmini, rijiyarsu ta mutu. Da ya roƙa da na ba shi.

Yau ya gama shimfiɗawa. Na sake cika tanon, in ga ko karon zai kuma jin ƙishirwa.